Sake wa sabon jirgin alminiyum fenti: gwada na kamfani kafin ka kankare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Yauri, a tafkin Kainji nake sana'a. Wata huɗu ke nan da na sayi sabon jirgin alminiyum mai tsawon mita 5 da injin Yamaha a bayansa. Ya zo da fentin kamfani ruwan toka, ni kuma shuɗi nake so, ga shi gindinsa ya fara gogewa a wurin da muke jan sa kan yashi. Mai fentin da na kira ya ce a kankare shi tas da burushin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bi da fentin mai. Wani kuma ya ce in nemi irin fentin da ake shafa wa gindin manyan jiragen teku. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya albarka a jirgin, ya tsare ku a kan ruwa. Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Ta farko shawarar ƙofar ƙarfe ce da tankin ruwa, ta biyu kuma ta jirgin katako ko na baƙin ƙarfe mai kwana a teku. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa maka, sai dai alminiyum halinsa daban ne, kuma na ga jiragen da irin wannan taimakon ya kashe. Na ji daɗi ƙwarai da ka yi tambaya tun burushi bai taɓa jirgin ba.

Idan fentin kamfanin yana riƙe, bar shi a wurinsa. Shi ne shimfiɗa mafi kyau da jirgin nan zai taɓa samu. A kamfani ana wanke farantin da sinadari, a gyara fuskarsa, a yi feshi a ɗakin da ƙura ba ta shiga, sau da yawa kuma a gasa. Wanda ake yi da garin fenti har zafin digiri 180 zuwa 200 ake kai shi. Babu yadda za ka maimaita wannan a ƙarƙashin rumfa a bakin ruwa. Aikinka shi ne a kashe masa ƙyalli, a gyara wuraren da ƙarfe ya fito, a ɗora shuɗin a kai. Kankare sabon jirgi don sauya launi, garin gyaran gira ne a rasa ido.

Bari in faɗa maka dalili, don in ka gane shi ba mai sake ruɗa ka. Baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa, tsatsar tana kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri, ci ya ci gaba har ƙarfen ya ƙare. Alminiyum kuwa da iska ta taɓa shi, nan take yake yi wa kansa wata fata siririya mai tauri wadda ido ba ya gani, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na kaurin gashin kai ba. Fatar nan ita ce garkuwarsa. Ka karce ta, ta sake fitowa kafin ka ɗaga hannu. Yawanci irin waɗannan ƙananan jirage da farantin da ake kira 5052 ake ƙera su, manya kuma da 5083 ko 5086, duka alminiyum ne da aka gauraya da magnisiyam don ya jure ruwa. Shi ya sa jiragen aiki da yawa a duniya ko fenti ba a shafa musu, suna shekaru a ruwa tsirara, sai dai su dushe su koma ruwan toka. Don haka gogewar da ka gani a gindin naka ba abin tashin hankali ba ce, ba za ka wayi gari ka ga tsatsa ta huda shi ba.

Amma fatar da ke kare shi ita ce kuma ke hana fenti kama shi. Santsi gare ta, fenti na zama a kanta ne kawai kamar leda a kan gilashi. Kuma a nan haɗarin yake: alminiyum tsirara ya fi alminiyum mai mugun fenti lafiya. In fenti ya ɗaga kaɗan, ruwa ya shige ƙarƙashi ya maƙale inda iska ba ta kaiwa, fatar ba ta iya sake fitowa, sai ci ya fara a ɓoye. An taɓa kawo mini wani jirgi da aka yi wa daidai abin da mai fentinka ya ce. Damina ɗaya ya yi. Fentin ya yi ƙuraje-ƙuraje tun daga hanci har baya, na sa farce na ɓalle ɗaya, sai ga farin gari kamar alli mai danshi ya zubo, a ƙarƙashinsa kuma ɗan rami kamar an soka tsinin allura. Da na kama bakin fentin na ja, haka ya taho a hannuna kamar saɓar maciji, jan da shuɗin tare, ƙarfen ko ɗigon launi bai riƙe ba. Ka tuna kaurin jikin irin jirginka bai cika wuce milimita 2 ko kusa da haka ba. Ramin allura ba ya buƙatar tafiya mai nisa kafin ya ga ruwa.

To ta yaya za ka san na kamfanin yana riƙe? Gwaji biyu ne, ba su cin rabin awa. Ka fara wanke jirgin da ruwa da sabulun wanke kwano, ka ɗauraye sosai, ya bushe. Sai ka ɗauki sabuwar reza, ka ja layi 6 a tsaye, 6 a kwance, tsakaninsu kamar milimita 2, su ratsa fentin har ƙarfe, su ba ka 'yan gidaje kamar na dara. Ka manna salatif mai ƙarfi a kai, ka danne da yatsa, ka fizge. In gidajen sun zauna, ko ɗan abin da ya taho bai taka kara ya karya ba, fentin lafiyayye ne. In sun biyo salatif, wurin nan sai an kai shi ƙarfe. Ka gwada a wuri huɗu ko biyar, musamman kusa da walda da gefen gindi, domin a nan ne matsala ta fi ɓuya.

Na biyu, ka jiƙa tsumma da tinar fentin da za ka shafa, wato ruwan da ake tsinka shi da shi, ka ɗora a wani lungu da ba a gani, ka bar shi kamar minti 5 zuwa 10. In ka ɗaga ka ga fentin bai yi komai ba, to mai tauri ne, gasasshe ko mai haɗi biyu (wanda ake gauraya shi da ruwan da ke taurara shi, wato hadina, kafin a shafa), kome ka ɗora zai ɗauka. In ya yi laushi, ya yamutse, ko launin ya biyo tsumman, to mai haɗi ɗaya ne. Irin wannan in ka ɗora masa fenti mai haɗi biyu, tinarsa za ta tashe shi ya tattare kamar fatar tsohuwa. Sai dai ko ka bi shi da mai haɗi ɗaya irin na jirgi a saman layin ruwa kawai, wato sama da inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, ko ka haƙura a cire shi.

Kafin komai ma, ka tambayi wanda ya sayar maka ko akwai garanti a kan jikin jirgin da fentinsa, domin wasu kamfanoni da ka sake fenti sun zare hannunsu. Fentin da ya kasa gwajin salatif a wata huɗu, magana ce ta komawa wurin mai sayarwa. Sannan ka rufe ɗan farantin da ke ɗauke da lambar jirgin da nauyin da yake ɗauka, kada fenti ya binne shi.

Mu ɗauka ya ci gwaji. Cire injin, kife jirgin a kan katako ko tsofaffin tayoyi. Cire maiƙo shi ne farko, kafin sanfefa, don in ka fara da sanfefa kana tura maiƙon cikin karce ne. Bayan jirgi kusa da inji kullum akwai man inji, ga kuma maiƙon kifi. Ka yi amfani da tsumma biyu: ɗaya jiƙe da tina mai kyau ko asiton, ɗaya busasshe yana bin sa kafin ta bushe, kana sauya su akai-akai. Fetur da kananzir da gas ba sa wannan aikin, su kansu maiƙo suke bari. Alamar ya fita ita ce ka watsa ruwa ka ga ya shimfiɗu, bai tattaru ɗigo-ɗigo ba. Daga nan sai sanfefa mai lamba 220 zuwa 320 a kan fentin kamfanin, har ƙyallin ya mutu ko'ina, ba tare da ka huda shi ba. Duk inda ka bar ƙyalli, nan sabon fenti zai fara ɓarewa. In jirgin na ƙusar ribit ne ba na walda ba, ka bi kawunansu da hannu a hankali. Kan ribit in ya sirance, yoyo ne ke biyo baya.

Wuraren da ƙarfe ya fito su ne masu son kulawa. Sanfefa mai lamba 80 zuwa 120, sabuwa, a goge har ƙarfen ya yi haske ya yi kaushi, a kwantar da bakin tsohon fentin yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Kaushin nan shi ne abin da fenti zai kama. Sai a share ƙurar, a sake bi da tina, a shafa faraima, wato shafin farko da ke kama ƙarfe, a ranar, cikin 'yan awoyi. Wanda ya goge yau ya ce sai gobe zai shafa, gobe ya sake gogewa. Don haka kada ka goge fiye da abin da za ka iya rufewa kafin la'asar.

Burushin waya na baƙin ƙarfe da mai fentinka ya ambata, shi da soson ƙarfe da fayafayin giranda da aka riga aka ci ƙarfe da su, duk suna barin ɓurɓushin ƙarfe a cikin naman alminiyum, kowane ƙwaya kuma wurin fara ci ne. In dole sai burushi, to na silba marar tsatsa, wanda bai taɓa wani ƙarfe ba. Kada a kusanto da sodar da ake yin sabulu da ita don cire fenti: narkar da alminiyum take yi, tana fitar da iskar da ke kama wuta. Kada a ƙona fenti da wutar gas, domin alminiyum ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, yana nan fari har ya kai digiri 660 ya zube, kuma tun kafin nan ya riga ya yi laushi ya lanƙwashe. Feshin yashi mai ƙarfi ma yana kumbura faranti siriri ya bar shi da tudu da kwari.

Faraimar da nake ba da shawara ita ce efoksi mai haɗi biyu, wadda aka rubuta a takardarta cewa ta dace da alminiyum kuma tana jure zama cikin ruwa. Kamfanonin fentin jirgi irin su Jotun da Hempel da International duk suna yin ta. Akwai wata faraima mai asid da masu fentin mota suka sani, wadda ke ɗan cin fuskar ƙarfen don ta kama. Tana da amfani a ƙananan wurare a saman layin ruwa, amma siririya ake shafa ta, har kana hango ƙarfen ta cikinta. In aka labta ta da kauri, ita ce za ta zama raunin aikin. A ƙasan layin ruwa ni ban yarda da ita ba, efoksi kai tsaye a kan gogaggen ƙarfe ya fi zama. Za ka iya jin ana maganar wani ruwa mai suna Alodine da ke mai da alminiyum ruwan zinare, da wata faraima ruwan ɗorawa mai kore-kore da aka daɗe ana shafa wa jiragen sama. Suna aiki, babu musu, amma akwai nau'in kuromiyam mai haddasa ciwon daji a cikinsu, ruwan wankinsu kuma guba ne. Mutumin da ke aiki taku goma daga inda ake kama kifin da jama'a za su ci, bai kamata ya taɓa su ba.

Jan fentin hana tsatsa kuwa don baƙin ƙarfe aka yi shi. Yawancinsa na mai ne, ba ya kama alminiyum, kuma yana laushi in ya jima a ruwa. Akwai ma tsohon nau'insa mai dalma a ciki, wanda ke cin alminiyum ya kuma cutar da mai shafawa. A nan sai an lura da suna, domin mu kan kira tukunyar alminiyum tukunyar dalma. Dalmar da nake nufi ita ce ta gaske, mai nauyi, irin wadda kuke ɗaura wa bakin birgi da taru.

Yawan da za ka saya fa? Jirgi mai tsawon mita 5, faɗi kamar mita ɗaya da rabi, zurfi rabin mita, bayansa gaba ɗaya zai kai murabba'in mita 10 zuwa 12. Efoksin da rabinsa ke saura bayan tina ta tashi, lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a kaurin maikiron 50 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ban da abin da rola da tire za su sha. Ke nan kowane shafi a bayan jirgin gaba ɗaya zai ci lita ɗaya da ɗan wani abu. A kan fentin kamfani mai lafiya, shafi ɗaya ko biyu ya isa ya zama mahaɗi. A ƙarfe tsirara da ke ƙasan layin ruwa kuwa ana son kauri ya kai kamar maikiron 250, wato rubu'in milimita, kaurin takardar rubutu biyu zuwa uku. Da rola wannan shafi 4 ne zuwa 5. In ka samu launi biyu, fari da toka, ka riƙa sauyawa tsakanin shafi da shafi, sai ka ga inda ka tsallake.

Wurin haɗawa ne mutane suka fi ɓata efoksi. Ma'aunin da aka rubuta a gwangwani shi za a bi, da kofin awo, ba da ido ba. Ƙara hadina ba ya sa shi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo ko ya sa shi tsagewa. Da ka haɗa, agogo ya fara tafiya, kuma lokacin da aka rubuta na wuri mai sanyi-sanyi ne, digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10 yana rage shi da kusan rabi. A zafin Yauri na watan Afrilu, abin da aka ce zai yi awa huɗu kana iya ganin ya fara kauri cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka haɗa kaɗan-kaɗan, ka juye a tire mai faɗi, don in ya zauna a gwangwani mai zurfi zafin kansa yake tarawa ya daskare. Tsakanin shafi da shafi ka danna babban yatsa: in ya bar shaida amma fenti bai biyo yatsan ba, lokacin na gaba ya yi. In ka bari ya kwana biyu ya ƙeƙashe har ya wuce wa'adin da ke takardarsa, sai ka sake bi da sanfefa.

Lokacin aiki ma yana da nasa hukuncin. A inuwa ake yi. Alminiyum in ya sha rana hannu ba ya iya zama a kansa, fentin da ya sauka a kan irin wannan zafin sama yake bushewa ya kulle tina a ciki, daga baya ta fito da ƙuraje. Da sassafe kuma raɓa ce matsala, musamman a bakin tafki. Ƙa'idar masu fenti ita ce zafin ƙarfen ya ɗara matakin sanyin da raɓa ke fara sauka da digiri 3 aƙalla, danshin iska kuma kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari. Ba ka da na'urar awo, to ka jira hantsi, ka shafa bayan hannunka a jikin jirgin, ka ji babu sanyi babu laima. Tsakiyar damina ba lokacinsa ba ne. Hunturu ya fi bushewa, amma sai ka kewaye rumfar da zana ko tamfol, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ni na fi son bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi ƙarfi.

Efoksi ba ya son rana. Yana dushewa ya riƙa fitar da gari-gari a sama, shi ya sa ake rufe shi. Shuɗin da kake so ka neme shi a foliyuretan mai haɗi biyu, irin wanda masu fentin mota ke kira 2K, shafi biyu zuwa uku, daga bakin jirgi zuwa layin ruwa. Yana da tauri, yana riƙe launi shekaru. Amma ba a yi shi don ya zauna cikin ruwa dare da rana ba. In jirginka yana kwana a ruwa kwanaki a jere, ka tsayar da shuɗin ɗan sama da layin ruwa, ka bar gindin da efoksinsa, tunda can rana ba ta kaiwa. Kuma ina roƙon ka, kada ka bar yaro ya yi feshin 2K da ƙyalle a hanci. Hadinarsa tana da sinadarin da ke kama huhu ya bar mutum da asma ta har abada, takunkumin takarda ba ya tare shi. A shafa da ƙaramar rola ta soso, wani ya bi baya da bakin burushi mai laushi yana kwantar da kumfa. In an iya, daga taku uku ba ka bambanta shi da feshi. Safar hannu, iska mai ratsawa, kuma ba sigari ba murhu kusa da tina.

Yanzu shawara ta biyu, wadda ta fi ba ni tsoro. Fentin gindin jiragen teku an yi shi ne don ya hana ƙananan halittu masu ɓawo mannewa, kuma yawancinsa cike yake da garin jan ƙarfe, wato tagulla. In ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, batir suke zama, ɗaya ya riƙa narkewa don ɗayan. Tsakanin tagulla da alminiyum, alminiyum ne ke narkewa. Ka duba yadda abin yake muni: gindin gaba ɗaya ya lulluɓe da tagulla, sai dutse ko kututturen da ruwa ya rufe ya karce wuri ɗaya kamar faɗin farce. Duk ƙarfin batirin nan a kan wannan ɗan wurin zai taru, ya riƙa haƙa shi kamar ana huda da diril. A ruwan gishiri abin yana sauri, a ruwan daɗi irin na Kainji yana ɗaukar lokaci, amma hanyar ɗaya ce. In ka ga an rubuta Cu2O, wato alamar sinadarin tagullar nan, a jikin gwangwani, ko ka ɗaga ƙaramin gwangwani ka ji nauyinsa ya wuce girmansa, ajiye shi. A da akwai wani mai sinadarin kuza da ake kira TBT wanda ake shafa wa jiragen alminiyum, amma ya yi wa halittun ruwa ɓarna har hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta yi yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008. In wani ya kawo maka tsohon gwangwaninsa da araha, kada ka karɓa. Guba ce za ka zuba a inda kake neman abinci.

Kai ma ba ka buƙatar ko ɗaya. Masu ɓawon nan matsalar Legas ce da Warri da Fatakwal. Abin da zai kama gindin jirginka gansakuka ce da yauƙi, kuma soso da ruwa sau ɗaya a mako sun ishe su. Wanda jirginsa ke zaune a ruwan gishiri shi ne zai nemi irin wanda aka yi musamman don alminiyum, kamar Trilux 33 na International, shi ma sai a kan cikakken kaurin efoksi.

Wannan maganar batir ba a fenti kaɗai ta tsaya ba, kuma a nan ne masunta suka fi yi wa kansu illa ba su sani ba. Dalmar taru da ta ɓalle ta faɗa ƙarƙashin katakon da ake takawa, ƙugiya, guntun wayar lantarki, kwabo, duk wanda ya kwanta cikin ruwan da ke taruwa a cikin jirgi zai yi wa kansa gurbi. Na taɓa ɗaga katakon wani jirgi na tarar da ƙwayar dalma zaune cikin ɗan rami daidai siffarta, kamar an ƙera mata, farin gari ya kewaye ta. Ka riƙa kwashe ruwa kana share cikin. Kada a ɗaura komai da noti ko ƙusar tagulla. In za a sa na silba marar tsatsa, a raba shi da jikin jirgin da wasar roba. Batirin fitila ko na inji a sa shi a akwatin roba, wayoyinsa biyu su koma kansa, kada a mai da jikin jirgi waya kamar yadda ake yi a mota. Sannan a ƙafar injinka, kusa da farfela, akwai wani ɗan ƙarfe mai dushi-dushi da aka sa don ya narke a madadin injin. Masu fenti suna son rufe shi don ya yi kyau, da an rufe shi kuwa ya daina aiki. A bar shi tsirara, in ya cinye rabi a sauya. A ruwan daɗi na magnisiyam ko na gaurayen alminiyum ne ke aiki, na tutiya yakan yi ɓawo ya kwanta.

Saura gogewar gindi, wadda ita ta fara tayar maka da maganar. Gaskiya babu fentin da zai jure jan jirgi kan yashi da tsakuwa kullum, ko wane kamfani ya yi shi. Maganin yana ƙasa: gungume biyu ko uku da za a riƙa mirgina jirgin a kansu, ko tsofaffin tayoyi a wurin da kuke fitarwa. In kana son abin da ya fi wannan, a sami mai waldar argon ya ɗora siririn alminiyum a tsawon ƙashin gindin, da waya mai lamba 5356, ya zama shi ke cinyewa. A yi waldar kafin fenti, a kuma duba ko akwai soson hana nutsewa a ƙarƙashin kujeru kusa da wurin, don yana kama wuta. Kada a ɗaura masa baƙin ƙarfe. Kwalta da kuka saba da ita a jirgin katako ma a bar ta can: tana narkewa a rana, tana ɓoye tsaga, kuma duk fentin da ka ɗora a kanta sai ta huda shi ta fito.

Cikin jirgin ni da za ka bi ta tawa ka bar shi yadda ya zo, tunda nan kifi ke kwanciya. In santsi ne ya dame ka, a wurin takawa kawai a barbaɗa wankakken yashi busasshe da aka tankaɗe a kan ɗanyen shafi, in ya bushe a share saura a rufe da wani shafin. Shuɗin kuma ka zaɓi mai haske. Mai duhu yana tara zafi ya ratso farantin, ƙafa ta ji, ƙarfasa da tarwaɗar da ke ciki su ma su ji.

Bayan shafin ƙarshe ka ba shi kwana 7 cif kafin ya taɓa ruwa, ko da washegari ka taɓa ka ji ya bushe, domin taurin ciki bai gama ba. Ragowar tina da tsummoki da ƙurar sanfefa a tattara su nesa da gaɓa. Ka rage ɗan efoksi da hadinarsa a gwangwanayensu daban-daban, a rufe gam a ajiye a inuwa. Bayan mako biyu da komawa ruwa ka kife jirgin ka bi shi da ido da tafin hannu, musamman layin walda da kewayen ribit. Duk inda ka ga karce ya kai ƙarfe a tsakiyar fenti, ka goge faɗin tafin hannu da lamba 120, ka share da tina, ka haɗa cokali biyu ka toshe a ranar.